Fred Winter: Daga Kan Sirdi Zuwa Cikin Barga

Mutanen Ingila suna da tseren dawaki iri biyu. Akwai na fili, wanda ake yi a shimfiɗaɗɗiyar ciyawa a watannin ɗumi, inda sauri kaɗai ke magana, kuma shi ne na manyan attajirai da sarakuna domin a can kuɗi yake. Akwai kuma na tsallaken shinge, wanda ya fi armashi a lokacin sanyi, cikin ruwan sama da taɓo, inda doki zai yi gudun mil biyu ko uku, wani lokaci har fiye da huɗu, yana tsallake shingaye da ramuka da mahayi a bayansa. Wannan na biyun shi ne na manoma da tsofaffin sojoji da mutanen karkara, kuma duk wanda ya ɗauke shi sana'a ya san cewa faɗuwa da karaya suna cikin albashinsa. A wannan fage ne aka yi wani mutum mai suna Frederick Thomas Winter, wanda duniya ta sani da Fred Winter. Abin mamaki, sunan zuriyarsu a harshensu yana nufin lokacin hunturu, wato daidai lokacin da ake cin kasuwar sana'ar da ya shahara a cikinta.

Manyan gasanni uku ne ake auna kowa da su a tseren shinge na Birtaniya. Na farko shi ne Grand National, wanda ake yi a filin Aintree kusa da birnin Liverpool, inda a zamanin Winter doki ke gudun kimanin mil huɗu da rabi yana tsallake shinge sau 30. Na biyu shi ne Gold Cup na garin Cheltenham, mai nisan mil uku da 'yan kai, wanda ake ɗauka a matsayin gasar tantance gwarzon dawakin manyan shingaye. Na uku shi ne Champion Hurdle, shi ma a Cheltenham, mil biyu a kan ƙananan shingaye, inda ake bukatar sauri da zafin nama. Winter ya ci dukkan ukun yana mahayi, ya sauka daga sirdi ya koma mai horar da dawaki, ya sake cin dukkan ukun. Har yau babu wani mahaluki da ya sake yin haka.

An haife shi a ranar 20 ga Satumba, 1926, a garin Andover da ke kudancin Ingila. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: mahaifinsa, wanda shi ma sunansa Fred Winter, mahayin tseren fili ne da ya ci gasar Oaks a 1911 yana saurayi, a kan wata goɗiya mai suna Cherimoya wadda ba ta taɓa shiga wani tsere ba kafin wannan rana, ba ta kuma sake shiga ba bayanta. Yaƙin Duniya na Farko ya riski mahaifin yana aikin hawa a Jamus, aka tsare shi a can, kuma ko da ya dawo gida shekarun ƙuruciyarsa sun wuce, sai ya koma horar da dawaki. A cikin barga ɗan ya buɗe ido. Yana ɗan shekara 13 ya ci tserensa na farko a filin Salisbury, a kan wani doki mai suna Tam O'Shanter. Sai dai jiki ya ƙi ba shi haɗin kai. Mahayin tseren fili dole ya kasance ɗan firit marar nauyi, shi kuwa yaro sai ƙara cika yake yi, har ƙofar ta rufe masa. Ya shiga soja a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, a rundunar masu dirowa da laima, ya zama hafsa, ya yi aiki a Falasɗinu a shekarun ƙarshe na mulkin Birtaniya a can.

Da ya bar soja, sai ya juya ga tseren shinge, inda ake yarda da mahayi mai ɗan nauyi. Ya ci nasararsa ta farko a watan Disamba na 1947 a filin Kempton, a kan dokin da mahaifinsa ke horarwa mai suna Carton. Ba a jima ba ya faɗi ya samu karaya a ƙashin baya, ya yi watanni yana jinya. A nan ne da yawa suke ajiye sirdi su nemi wata hanyar abinci, kuma babu mai ganin laifinsu. Shi ya dawo, kuma dawowar ta haɗa shi da Kyaftin Ryan Price, wani tsohon sojan ƙundumbala mai zafin rai da ke horar da dawaki a ƙauyen Findon na yankin Sussex. Kimanin shekara 15 Winter ya yi yana hawa dawakin Price, ba tare da wata rubutacciyar yarjejeniya a tsakaninsu ba. Mai karatu ya riƙe wannan, domin irin zaman da ya yi da ubangidansa shi ne daga baya ya yi da yaransa.

A kakar 1952 zuwa 1953 ya ci tsere 121, adadin da babu mahayin shinge da ya taɓa kaiwa kafin sa, ya zama zakaran mahaya. A ranar farko ta kakar da ta biyo baya, a filin Newton Abbot, ya faɗi ya karye a ƙafa, karayar da ta hana shi hawa har kakar ta ƙare. Wanda ya zama zakara a bayan idonsa shi ne Dick Francis, mutumin da daga baya ya fi shahara da rubuta littattafan ƙagaggun labarai na bincike. Winter ya warke, ya karɓe kambinsa shekara uku a jere, daga kakar 1955 zuwa 1956 har zuwa ta 1957 zuwa 1958. Ya ci Champion Hurdle sau uku, a kan Clair Soleil a 1955, da Fare Time a 1959, da Eborneezer a 1961. Ya ci Grand National a 1957 a kan wani ƙaton doki mai suna Sundew, wanda ya sha tuntuɓe a hanya amma mahayinsa ya ƙi rabuwa da shi, sannan ya sake ci a 1962 a kan Kilmore, tsohon doki ɗan shekara 12 na bargar Price. Gold Cup kuwa ya zo masa sau biyu a jere, a 1961 a kan Saffron Tartan, a 1962 a kan Mandarin.

Waɗanda suka gan shi yana hawa sun yi ittifaƙi cewa ba shi da kyan zama irin na wasu abokan zamaninsa. Gajere ne kakkaura, yana dunƙulewa a kan doki kamar ƙulli. Ƙarfinsa yana cikin cinyoyinsa da kuma iya karantar numfashin dabba, ta yadda idan aka zo gangarar ƙarshe, doki ya gaji yana neman tsayawa, sai ya haɗa motsin jikinsa da takun dokin har ya tatso abin da ya rage. An kuma san shi da gaskiya a sana'ar da caca ta dabaibaye. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Tseren dawaki a Ingila a kan kuɗin 'yan caca yake tsaye, abin da mu addininmu ya haramta mana, kuma ko a wurinsu shi ne ƙofar da ɓarna ke shigowa, domin mahayin da ya yarda ya danne dokinsa a tsere guda zai iya samun abin da ya fi ladan hawa na watanni. Winter ya gama zamaninsa ba a taɓa jingina masa irin wannan ba.

Ranar da ta fi kowace rana a rayuwarsa ta hawa ita ce 17 ga Yuni, 1962, a filin Auteuil na birnin Faris, a babbar gasar tsallaken shinge ta Faransa. Dokin shi ne Mandarin, ɗan shekara 11, mallakin Madam Peggy Hennessy, wanda Fulke Walwyn ke horarwa. Winter ya ƙuntata wa kansa abinci na kwanaki don ya rage nauyi, ga shi kuma ciwon ciki ya kwana yana ɗawainiya da shi, har ya isa filin da ƙyar yake tsayuwa. Filin Auteuil kuwa ba zagaye ɗaya ba ne irin na Ingila. Hanyar tana murɗewa tana ratsa kanta, ana juyawa dama ana juyawa hagu, ga shingaye iri-iri har da wani faffaɗan ramin ruwa a gaban 'yan kallo, kuma nisan ya kai mil huɗu. A wajen shinge na huɗu ƙarfen linzamin da ke bakin Mandarin ya karye gida biyu. Ragamar ta saki, tana lilo a hannun mahayi ba ta riƙe da komai.

Duk wanda ya taɓa hawa doki ya san ma'anar wannan. Da linzami ake tsayarwa, da shi ake juyawa, da shi ake tattaro doki kafin ya yi tsalle. Winter ba shi da hanyar tsayawa ko da ya so, don haka ya ci gaba. Ya riƙa juya dokin da gwiwoyinsa da karkata nauyin jikinsa, yana dafa wuyansa ta gefen da yake so ya kauce wa. Dole a yaba wa mahayan Faransa a nan, domin maimakon su yi amfani da halin da yake ciki su ture shi waje, sai suka bar shi a tsakiyarsu, a wata kwana ma ɗaya daga cikinsu ya matso da dokinsa ya tokare Mandarin ya mayar da shi kan hanya. Saura 'yan shingaye a gama, jijiyar ƙafar gaban Mandarin ta samu rauni, amma bai tsaya ba. Ya tsallake shinge na ƙarshe yana gaba, wani dokin Faransa mai suna Lumino ya taso masa, suka isa layi kusan tare, aka duba hoto aka ga Mandarin ya riga da tazarar kai guda. Sai da aka tallafi Winter zuwa wurin awo. Kafin awa guda ta cika ya sake hawa wani dokin Price mai suna Beaver II a tsere na gaba, ya kuma ci. Mandarin bai sake tsere ba daga ranar. A 1963 Sarauniyar Ingila ta ba Winter lambar girmamawa ta CBE.

Ya ajiye hawa a 1964 da nasara 923. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne horar da dawaki ba shi ne zaɓinsa na farko ba. Ya nemi hukumar Jockey Club, mai kula da harkar tsere a wancan lokaci, ta ɗauke shi aikin mai ba da izinin tashi a farkon tsere, aiki mai albashi da kwanciyar hankali, aka ƙi ɗaukarsa. Da an ɗauke shi, da ya ƙare rayuwarsa yana ɗaga tuta. Sai ya kama wata barga mai suna Uplands a ƙauyen Lambourn na yankin Berkshire, katanga ɗaya da gidan Fulke Walwyn, mai horar da Mandarin, ya fara da 'yan tsirarun dawaki.

A ganina, a nan ne ainihin labarin mutumin yake, domin hawa da horarwa sana'o'i biyu ne da doki kaɗai ya haɗa su. Mahayi yana da minti biyar ko goma, hukuncinsa a hannunsa yake, idan ya ci shi ake ɗagawa. Mai horarwa yana tashi kafin asuba kullum, yana shafa ƙafafun dawaki ɗaya bayan ɗaya yana neman zafi ko kumburi, yana lura da wanda ya rage abinci a akurkinsa, yana tsara kilisa, yana zaɓen tseren da ya dace da kowane doki, yana lallashin masu dawaki da ke biyan kuɗi suna son ganin sakamako, yana biyan ma'aikata. Bayan duk wannan, a ranar tsere sai ya ɗora wani a kan dokin, ya koma cikin 'yan kallo da tabaron hangen nesa, ba shi da ikon komai. Ga mutumin da ya san zai iya yin aikin da kansa fiye da wanda ya ɗora, wannan tsayuwa azaba ce. Shi ya sa gwanayen mahaya da yawa suke kasawa idan sun koma barga, kamar yadda mu ma muka sha ganin gwanin likita ko gwanin malami da aka ba shugabancin ma'aikata ya kasa sakar wa na ƙasa da shi aiki.

Jarrabawar farko ta zo masa a kakarsa ta farko. Wani saurayi Ba'amurke mai suna Tommy Smith, wanda hawa ba sana'arsa ba ce, sha'awa ce kawai, ya iso Lambourn da wani doki mai suna Jay Trump. Dokin ya ci gasar Maryland Hunt Cup ta Amurka a 1963 da 1964, inda ake tsallake shingayen katako, kuma burin Smith shi ne ya hau shi da kansa a Grand National. Wani mai horarwar da sai ya matsa a ba ƙwararren mahayi. Winter ya karɓi doki da mahayi tare, ya yi watanni yana koya wa Smith yadda ake tsere a Ingila da yadda ake bin filin Aintree, inda shi ya ci sau biyu. A watan Maris na 1965, bayan shinge na ƙarshe, tseren ya rage tsakanin Jay Trump da wani dokin Sukotland mai suna Freddie wanda jama'a suka fi sa wa rai. Smith ya ɗaga bulala, dokin ya fara kaucewa, sai ya sauke ta ya ci gaba da tura shi da hannu da dugadugai. Jay Trump ya ci da tazarar kashi uku cikin huɗu na tsawon doki.

Shekara ta zagayo, Winter ya sake cin Grand National a 1966 da wani doki mai suna Anglo, wanda kusan babu mai kawo shi a lissafi, Tim Norman yana kansa, ya bar Freddie a baya da tsawon doki 20. Anglo daga bargar Ryan Price ya fito, ya dawo hannun Winter ne a lokacin da hukuma ta dakatar da Price a 1964. Kaka biyu, Grand National biyu. Daga nan masu dawaki suka yi ta tururuwa zuwa Uplands, har ta kai Winter ya zama zakaran masu horarwa sau takwas tsakanin 1971 da 1985. Bula ya ci masa Champion Hurdle a 1971 da 1972, Lanzarote ya ci a 1974, Pendil ya ci gasar King George ta Kempton a 1972 da 1973. A farkon shekarun 1970 babu wata barga a Birtaniya da ta tara zaratan dawaki irin nasa.

Amma shekarar da ta fi nuna ko wane ne shi ita ce wadda ya sha kashi. A watan Maris na 1973 ya je Cheltenham da dawakin da kowa ke ganin babu mai ja da su. Bula ya rasa kambinsa ga Comedy of Errors. A Gold Cup, Pendil ya tsallake shinge na ƙarshe yana gaba, Richard Pitman yana kansa, sai The Dikler, dokin maƙwabcinsa Walwyn, ya cim masa a kan gangara ya wuce shi da tsinin hanci. Makonni biyu bayan haka aka je Aintree. Winter ya shigar da Crisp, wani baƙin doki dogo daga Ostireliya, mallakin Sir Chester Manifold, wanda ya ci gasar zakarun mil biyu a Cheltenham a 1971. A Grand National ana ɗora wa kowane doki nauyi daidai da ƙarfinsa don a daidaita su, kuma Crisp ya ɗauki mafi nauyi, kimanin kilo 76, yayin da wani doki mai suna Red Rum ke ɗauke da abin da ya gaza haka da fiye da kilo 10. Crisp ya fita gaba tun a zagaye na farko, yana tsallake manyan shingayen kamar ba komai ba, har ya ba sauran tazarar da ba a saba gani ba. Ya tsallake shinge na 30 yana gaba da tsawon doki kusan 15. Amma daga shinge na ƙarshe zuwa layi a Aintree akwai yadi 494, kuma nauyi da nisa sun riga sun cinye shi. Pitman ya saki ragama da hannu ɗaya ya ɗauki bulala, dokin ya karkace ya rasa takunsa, Red Rum ya yi ta matsowa har ya wuce shi saura taku kaɗan. Tazarar ita ce kashi uku cikin huɗu na tsawon doki, daidai tazarar da Jay Trump ya ci da ita shekara takwas kafin nan, a daidai wannan wuri, lokacin da mahayinsa ya sauke bulala. Dawakin biyu duka sun karya tarihin saurin da ya yi kusan shekara 40 yana tsaye. Kafin watan Afrilu ya ƙare, Killiney, matashin dokin da ake ganin shi ne gobe ta bargar, ya faɗi a filin Ascot ya mutu.

Pitman da kansa ya shafe shekaru yana faɗa a bainar jama'a cewa kuskurensa ne a tseren biyu, ya fita gaba da wuri a kan Pendil, ya ɗauki bulala inda bai kamata ba a kan Crisp. Winter, wanda ya fi kowa sanin haka tun yana kallo, yana da hujjar sauke shi, kuma masu dawaki da yawa da sun goyi bayansa. Bai sauke shi ba. Pitman ne ya hau Pendil a watan Disamba na wannan shekara ya ci King George, shi ne ya hau Lanzarote ya ci Champion Hurdle a 1974, ya ci gaba da zama babban mahayin Uplands har ya ajiye hawa a 1975. Crisp ma ya samu ɗan huce haushi, domin a ƙarshen 1973 an haɗa shi da Red Rum a filin Doncaster da nauyi iri ɗaya, ya bar shi a baya ba wahala. Gold Cup ɗin dai ya ci gaba da yi wa Winter gardama. A 1974 Pendil yana tafiya cikin sauƙi, saura shinge uku, wani doki ya faɗi a gabansa ya kayar da shi. A 1977 Lanzarote ya karye a ƙafa a cikin wannan gasa aka kashe shi a wurin, a makon da Bula ma ya faɗi ya samu raunin da ya yi ajalinsa bayan 'yan makonni. Ba zan ɓoye ba, wannan ɓangare na wasan yana da wuyar karewa. Mahayi shi ya zaɓi haɗarinsa, doki kuwa ba a tambaye shi ba, kuma ƙorafin masu kare haƙƙin dabbobi ne ya sa daga baya aka sassauta shingayen Aintree aka rage yawan dawakin da ke shiga. Sai a 1978 Winter ya samu Gold Cup, da wani doki mai suna Midnight Court, a shekarar da dusar ƙanƙara ta sa aka ɗage gasar zuwa Afrilu.

Wanda ya hau Midnight Court shi ne John Francome, wanda ya zo Uplands a 1969 yana ɗan shekara 16, bai san komai game da tsere ba sai wasan tsallaken shinge na nuni. Ya fara daga sharar barga kamar kowa. A wannan shekara ta 1978 hukuma ta same shi da laifin ba wani dillalin caca bayanan dawaki, ta ci shi tara ta dakatar da shi na ɗan lokaci. Ga mutum irin Winter, wanda ya tsare sunansa daga irin wannan tsawon rayuwarsa, abin ba mai daɗi ba ne, amma ya riƙe yaronsa. Francome ya zama zakaran mahaya sau bakwai, ya ci tsere fiye da 1,100, ya wuce adadin ubangidansa nesa ba kusa ba, kuma bai taɓa barin Uplands ba har ya yi ritaya a 1985. Shi ma ya gwada horar da dawaki bayan ya sauka, bai daɗe ba ya bari ya koma sharhi a talabijin.

Haka bargar ta zama makaranta. Nicky Henderson ya yi shekara huɗu yana mataimakin Winter, daga 1974 zuwa 1978, sannan ya buɗe tasa a nan Lambourn, ya ci Champion Hurdle sau uku a jere da See You Then daga 1985 zuwa 1987, ya zama zakaran masu horarwa sau shida. Oliver Sherwood, wanda ya gaje shi a kujerar mataimaki, ya ci Grand National a 2015 da Many Clouds. A bayan dukkansu akwai Brian Delaney, shugaban ma'aikatan barga, irin mutanen da ba a buga hotonsu a jarida amma su ne suka san kowane doki ciki da waje. An shaidi Winter da ƙarancin magana, musamman da sassafe, da rashin wasa da lokaci, da tsare gida idan aiki bai yi ba. Waɗanda suka yi aiki a ƙarƙashinsa sun yi ta tsoronsa, amma kaɗan ne suka bar shi.

A 1987 ya faɗo daga matakalar bene a gidansa, ƙashin kansa ya tsage, shanyewar ɓarin jiki ta biyo baya. Mutumin da ya yi shekara 17 yana faɗowa daga dawaki masu gudu yana tashi, matakalar gida ce ta kwantar da shi. Ya rasa magana, ya koma kan keken guragu. Mataimakinsa na lokacin, Charlie Brooks, wanda bai kai shekara 25 ba, shi ya riƙe bargar, kuma a watan Maris na 1988 Celtic Shot ya ci Champion Hurdle, Peter Scudamore yana kansa, da sunan Winter a matsayin mai horarwa. Wannan ce babbar nasararsa ta ƙarshe, cikin fiye da 1,500 da ya samu daga barga. Brooks ya karɓi lasisi bayan haka.

Ya rayu shekara 16 da 'yan watanni a wannan hali, matarsa Diana, wadda ya aura a 1956 suka haifi 'ya'ya mata uku, tana kula da shi. Ya rasu a ranar 5 ga Afrilu, 2004, yana da shekara 77, kwana biyu bayan Grand National na wannan shekara. Dokin da ya ci gasar shi ne Amberleigh House, kuma wanda ya horar da shi shi ne Ginger McCain, mai Red Rum. Daga 2005 hukumar filin Cheltenham ta sa sunan Fred Winter a kan wata gasa ta ƙananan shingaye da ake yi a bikin watan Maris, wadda aka keɓe wa dawaki 'yan shekara huɗu masu fara koyon tsalle.